Saiwar da Aka Haƙa da Fure a Kanta

Har yau ban manta da ranar da saiwa ta kusa raba ni da aikina ba.

Dako a Aubervilliers, gefen Paris, ya cinye mini baya, sai na koma Lyon, wani labo inda ake binciken magani. Aikina wanke kwalabe da niƙa abin da aka ba ni. Ban yi boko ba, da launin murfi nake gane kaya.

Akwai Madam Elif, 'yar Turkiyya, tana bincike a kan wata saiwa da mutanen ƙauyensu ke dafawa don ciwon gaɓoɓi. In na niƙa, sai ta jiƙa garin, ta tace, ta ba inji. In abin da ke kashe zafin ciwo yana ciki, layi ya tashi a allo kamar tudu. Buhun farko layi ya tashi. Buhu na biyu layi ya kwanta, har sau uku.

Shef, wato shugaban labon, ya kira ni. "Illa, ka haɗa kayan nan da wani. Kwantiraginka na ƙarewa ƙarshen wata."

Na ce, "Ban haɗa ba. Saiwar ce fanko."

"Kai ne likitan yanzu?"

Na karya guda na miƙa wa Madam. Cikinta fari, sakayau, ba ɗaci. Na ce mata babana mahaƙin saiwa ne a ƙasarmu ta Tawa. Ba ya taɓa icen da ke fure, yakan ce ƙarfin ya hau sama, sai ganye ya bushe yake komawa ƙasa.

Nan take ta buga wa kakarta waya. Ban ji yarensu ba, amma na ji faɗa. Madam ta aje waya tana kallona.

"Ɗan'uwana ne ya haƙa, lokacin fure. Kaka ta ce jaki ne. Abin da ka faɗa, shi ta faɗa."

Shef ya ce a jira. Da ganye ya bushe can, tsohuwar ta haƙa da hannunta ta aiko. Ni na niƙa. Layi ya tashi har ya kusa fita allo. Babana ya rasu bai san akwai Turkiyya ba, tsohuwar ba ta san Tawa ba, ga inji ya zo daga baya yana ba su gaskiya. Allah mai iko.

Tun daga nan, kowane buhu sai an rubuta watan da aka haƙa shi.

Shekara shida na ƙara a labon. Yanzu ina Paris wajen ɗana, kusa da Château Rouge. Bayan nawa yana nan yana ciwo, amma ina tafiya da ƙafata.