Kai Biyu a Matashi Ɗaya

Tun da aka aiko cewa in bi maigidana Badun, can ƙasar Yarbawa, inda yake harkar goro, ban ƙara yin barcin kirki ba. Ba nisan ƙasar ne ya dame ni ba. Sanyi nake tsoro. 'Ya'yana biyu na farko duk suna maƙabartar Ɗan Agundi a nan Kano, kuma dukansu da mura suka fara, daga tari sai numfashi ya dinga fita da ƙyar, shi ke nan. Na uku ne a bayana, ko zama bai fara ba. Mutanen gidanmu a Soron Ɗinki in sun kalle shi sai su kawar da kai, kada su saba da shi. Ga damina ta sauka sosai, ga shi an ce jirgin ƙasa kwana ake yi a cikinsa a kan bencin katako. Lokacin Turawa ba su tafi ba, jirgin ma na kwal ne.

Inna, mahaifiyata, ba ta ce in kwantar da hankalina ba, ta san ba zan ji ba. Zama ta yi ta ɗinka ɗan ƙaramin matashin kai, ta cika shi da audugar rimi, ta tsince ƙwayayen tas don kada su danni kan yaro. Ta ciro gwadonta na aure daga adaka, saƙi mai kauri, baƙi da ratsin fari, da faci a gefe ɗaya inda gara ta taɓa ci. Ta haɗa mini da 'yar wuƙa, irin wadda ake ajiye wa jariri a wajen kai saboda iska.

Ta ce, "Ki ninka gwadon biyu, rabi a ƙasa rabi a sama, katako yana shan ɗumin jiki. Kada ki kwantar da shi ta wajen taga. Kuma ko me ake ciki kada ki rufe masa fuska."

Wan maigidana ne ya raka ni. Ya samo mini wuri cikin mata a ƙarshen tarago, shi ya koma can wajen maza. Gabana wata tsohuwa ce mai kai daddawa da kuka Ilori, ta saba da hanyar kamar tsakar gidanta. Kowa Iya yake ce mata. Tana ganin na shimfiɗa gwado ta tafa hannu.

"Ke yarinya, Badun za ki ko sabon aure? Wannan ai gwadon ɗakin amarya ne!"

"Na yaro ne, Iya."

"Yaron da bai kai ƙullin daddawata ba? Ɗauke shi ki ɗora a cinya, ni in shiga, ni ce mai ciwon ƙugu."

Mata suka yi ta dariya. Amma ita ce ta nuna mini yadda ake ɗaure zane a jikin taga ya tare feshin ruwa da baƙin hayaƙi, ta kuma tura ƙunshin kayana jikin bencin yadda ko jirgi ya yi girgiza yaron ba zai mirgino ba.

A Kaduna, bayan duhu ya yi, wata ta shigo da goyo. Ba ta kai ni shekaru ba. Mayafinta siriri ne, ruwa ya jiƙa shi. Dattijon da ya rako ta ya tsaya can bakin ƙofa. Ta zauna kusa da ni a bakin benci, ba ta jingina ba, ba ta kwance goyon ba.

Iya ta ce, "Sannu da ruwa. Namiji ne ko mace?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yaya sunansa?"

Shiru. Sai Iya ta fashe da dariya. "Au, ɗan fari ne! Ku ƙyale ta, kunya ce. Ni da nawa har ya yi gemu ban taɓa faɗin sunansa ba."

Haka kuwa muka ɗauka dukanmu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, nono ma sai ta ɓuya take ba shi. Saboda haka da tafiya ta yi nisa ba ta juyo da shi ba, ba ta leƙa shi ba, babu wadda ta ga wani abu. Yaba mata ma aka yi. Wata ta ce 'yar gidan mutunci ce. Wata ta ce yaron ma haƙurinta ya gado, ko ƙis bai yi ba.

Dare ya tsala, ruwa yana ta dukan rufin, sanyi yana tasowa ta ƙasan benci. Nawa yana barci a kan matashinsa, gumi ma yake yi. Ni kuwa idona yana kan 'yan ƙafafun da suka leƙo daga goyonta, babu komai a kansu, suna lilo duk sanda jirgin ya karkata. Na daɗe ina shawara da zuciyata. In yaron yana da mura fa ya shafa wa nawa? Amma tun da suka shigo ban ji ya yi tari ba.

Na ce, "'Yar'uwa, kwanto shi ki kawo nan. Gwadon zai ishe su."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance shi da kanta, a naɗe cikin zane, ta kwantar da shi bayan nawa, fuskarsa tana kallon jikin benci. Fitilar taragon dishi-dishi take. Da na ja musu gwadon hannuna ya taɓa zanen, na ji ɗumi. Na gyara matashin ya ɗauki kawunansu su biyu, wuƙar tana ƙasa.

Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Abin da ya tashe ni shiru ne: jirgin ya tsaya shan ruwa a wani daji, ƙarar ƙarafa ta ɗauke. Ni kuwa tun rasuwar na biyu na saba, in na farka sai na kasa kunne na ji numfashi kafin in motsa. Na kasa kunne. Numfashi ɗaya na ji.

Na zura hannu cikin gwadon. Nawa da ɗuminsa. Na wuce zuwa ɗayan, na taɓa wuyansa. Sanyin jikin randa da asuba. Na san sanyin nan, sau biyu ina taɓa shi.

Na ɗago kai, ashe uwarsa idonta biyu, ni take kallo. Babu hawaye ko ɗigo. Ta ɗan girgiza kai, ta dubi ƙofar da ma'aikatan jirgi suke shigowa. Ana cewa in aka yi rasuwa a jirgi, a tasha mafi kusa ake sauke mutane, a binne a inda ba a san kowa ba.

Ta ce a hankali, "Yaya, daga wajen magani muke. Mun kusa garinmu."

Abin da zuciyata take faɗa mini shi ne mutuwar da ta san hanyar ɗakina ta biyo ni har jirgi, ta kwanta a matashi ɗaya da ɗana. Na zaro shi, na cusa shi cikin rigata, fata da fata, na ɗaure da zane. Hannuna ya kai kan gwadon zan janye, sai na tsaya. In na janye, duk wadda ta farka za ta gani. In na bari, nawa zai ƙarasa daren a cikin sanyin da na baro Kano ina gudu. Na cire hannuna.

Ban san Iya ba barci take ba. Ta yaye tsohon bargonta mai warin daddawa ta lulluɓa mana, ni da ɗana, ta zauna ta rungume gwiwoyinta. Can mai duba tikiti ya biyo da fitila yana haska benci benci. Kafin ya iso ta ce, "Haba Malam, kawar da fitilar nan, yara suna barci. Ko kai za ka yi mana raino?" Ya yi dariya ya wuce.

Gab da asuba, kafin mu kai gadar Jabba, jirgin ya tsaya a wata 'yar tasha da ban san sunanta ba. Matar nan ta ɗauki ɗanta ta goya kamar kowane yaro, har da ɗan jijjigawa. Ta ninke gwadon za ta miƙo mini, na mayar mata. Ta yafa shi a kan goyon, ta rufe har kai. Dattijon ya riƙe mata hannu suka sauka. Ta taga na ga ratsin farin yana tafiya cikin duhu, daga nan ban ƙara ganin komai ba.

Da gari ya waye na dubi matashin. Gurbin kai biyu ne a jikinsa, dab da juna.

Ɗana ya yi atishawa muna shiga Ilori, na ce shi ke nan. Na yi makonni a Badun ina jiran tarin, bai zo ba. Yana nan da ransa, har furfura ta fito masa. Da na dawo gida na gaya wa Inna inda gwadonta ya tafi, sai ta tambaye ni ko wuƙar tana ƙarƙashin matashin. Na ce tana nan. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Matashin yana cikin adakata, ban taɓa kaɗe shi ba. Har yau ban sani ba, ɗumin da na ji a zanen nan na yaron ne ko na bayan uwarsa. In da rai ta kwantar da shi, to a gefen ɗana ya cika ina gyangyaɗi. In kuwa tun Kaduna babu rai, to zaune ta yi muna yaba mata kunya.

Ban san sunanta ba, na yaron kuwa ba za ta faɗa ba ko da an matsa mata. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa matar nan a addu'a, ko tana raye ko ta rasu, ita da ɗanta na fari.