Ranar da Hajiya ta faɗa rijiya a kulob ɗin dara

Na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a New York, na ga abin dariya na ga abin kuka, amma akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da na kai shekarun waɗanda na yi jinya. Har yau in na tuna ta a cikin jirgin ƙasa sai in kama murmushi ni kaɗai, na kusa da ni su riƙa matsawa.

A lokacin ina zaune a Harlem, aikina kuma yana Staten Island. Kullum da safe in bi jirgin ƙasa zuwa ƙarshen Manhattan, in hau jirgin ruwa zuwa St. George, in taka zuwa gidan wani tsohon Bature da ya haura tamanin da biyar. Baba nake ce masa, ya kuma karɓi sunan. Hannunsa na rawa, idonsa ya yi rauni, amma bakinsa garau yake, kuma hirarsa ba ta wuce ta mutum ɗaya, wato kakansa.

Kakan nan tela ne. Ya sauka a birnin a ƙarni na sha tara da almakashi da allon dara a akwatinsa. Darar Turawa nake nufi, wadda suke kira ces. Da rana ya ɗinka wa mutane kwat, da yamma ya hau benen wani kulob na lauyoyi da likitoci. Baba ya ce da farko sun bar shi ya shigo ne saboda suna neman wanda za su riƙa cinyewa. Kafin shekara ta zagayo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwantar, ya zama zakaran kulob ɗin, kuma bai sauka ba sai da ido ya hana shi ganin kafar allura. Sunansa bai wuce bangon kulob ɗin ba, amma a bakin Baba kai ka ce shi ya gina gadojin garin. A wasansa na ƙarshe ya yi abin da ake ta labari: ya ba da sarauniyarsa da gangan aka cinye, sannan ya juyo ya kashe wasan. Shi da kansa ya koya wa jikan nasa wannan wasa, taku bayan taku.

To wannan wasan ne ya zama mini jarabawa. Kullum bayan abincin rana sai Baba ya ce a ɗauko allo. Ya faɗi harafi da lamba, wato sunan gurbi a allon, ni in ɗaga ɗan dara in ajiye inda ya ce, tunda hannunsa ba ya iyawa. Ni ban san ces ba, ban kuma yi niyyar sani ba. Wata uku ina yi ina gyangyaɗi. Da na ga barci zai kore ni daga aiki, sai na raɗa wa ’ya’yan darar suna. Sarki ya zama Alhaji, don taku ɗaya yake yi ya zauna ya huta. Sarauniya ta zama Hajiya, ita ke zaga gari tana yin komai. Doki ɗan acaɓa ne, yana tsallake mutane yana kwana ba sigina. Mai doguwar hular nan da ke tafiya a karkace kuwa dillali na sa masa, tunda bai taɓa bin hanya a miƙe ba. Shi ke nan wasan ya koma gulmar unguwa. Ina ɗaga abu ina cewa a hankali da Hausa, “Ɗan acaɓa ya fito neman fasinja.” Ko kuma, “Dillali ya leƙa gidan maƙwabta.”

Wani lokaci Baba ya karkato kunne ya ce, “Me kike faɗa ne?”

In ce, “Addu’a nake yi, Baba.” Allah Ya yafe mini. Shekara biyu muna haka.

Sai ga takarda daga kulob ɗin, ashe yana nan da ransa a Manhattan. Ranar Asabar za su yi bikin tunawa da zakarunsu na da, suna son jikan telan ya zo ya nuna wasan a gaban jama’a. Baba ya kusa tashi daga keken guragu don murna. Amma ’yarsa, wadda ta zo daga wata jiha saboda bikin, ta ja ni kicin. Mace ce mai kirki, gajiya ce kawai ta yi mata yawa. Ta ce ya bar murhu a kunne sau biyu ranar da ba na nan, kuma ya kira ta da sunan mahaifiyarta. Ta samo masa gurbi a gidan tsofaffi, sa hannu kawai ya rage. Ta ce, “Wasan nan shi ne abin da ya fi sani a duniya. In ya ɓace masa ranar Asabar, to lokaci ya yi.”

Ashe Baba ya ji. Da na koma falo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “A gidan nan nake so in ƙare, inda nake jin ƙahon jirgin ruwa.” Tausayinsa ya kama ni, na gyara masa bargo.

Ranar Asabar na ce in za a yi, a yi da kyau. Na sa leshina ruwan goro, na murɗa ɗaurin ɗankwalin da sai da na sunkuya kafin na shiga tasi. Baba ya sa kwat ɗin da ya ce ɗinkin gidansu ne. A jirgin ruwa sai waƙa yake yi, ni kuma ina ta gaisa da mutanen da ban sani ba kamar uwar biki. ’Yar ce kaɗai ta koma gefe tana kallon ruwa.

Zauren ya cika. An rataye wani babban allo a bango, ’ya’yan darar kowanne ya kai faifai, suna mannewa da maganaɗisu. Aka ba Baba makirufo, aka tsayar da ni gefen allo. Ban taɓa ganin wurin da mutane suka taru da yawa haka ba tare da an ji ko tari ba. Baba ya fara, kuma ya fara da kyau. Ya faɗi taku, in manna, ya ba da ɗan labarin kakansa, a yi dariyar nan tasu ta cikin hanci. Ni kuwa sai juya leshi nake yi, na ma fara yi wa kowane taku ɗan rangwaɗa.

Muna tsakiyar wasa ya tsaya.

Ya buɗe baki ya rufe. Ya kalli allon kamar bai taɓa ganinsa ba. Na hango ’yarsa a layin gaba ta sunkuyar da kai. Harafi da lamba ko ɗaya ban riƙe ba, kuma ko na riƙe, in na motsa abu kafin ya yi magana kowa zai gane. Abin da na sani kawai shi ne inda gulma ta tsaya. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce, “Dillali ya leƙa gidan maƙwabta.”

Baba ya juyo a hankali. Fuskarsa ta washe. Ya kai makirufo bakinsa, ya faɗa wa lauyoyi da likitocin New York da wata irin Hausa mai kama da ta mai mura: “Dillali ya leƙa gidan maƙwabta.” Sannan ya kawo harafi da lamba daidai, ba gargada. Ashe duk shekara biyun nan tsohon yana haddace addu’ata.

Daga can baya wani ya tuntsire da dariya. Wani dogon mutum ne, daga baya na ji mutumin Nijar ne, direban tasi, ya daɗe yana wasa a kulob ɗin. Ya miƙe yana riƙe da ciki ya ce, “Baiwar Allah, mi nika ji haka? Hausa cikin wanga wuri? C’est pas possible, wanga ba ya yiwuwa.”

Shugaban taro ya tambaye shi ko ya gane abin da aka ce. Ya ce ya gane sarai, ya fassara. Zauren da ko tari ba a yi ya kece da dariya. Baba kuwa ya samu abin yi. Ya miƙo mini hannu kamar mai karɓar waƙa ya ce, “Sai me, Madam?”

Na ce, “Ɗan acaɓa ya yi kwana a gaban ɗan sanda.”

Ya maimaita, ya faɗi taku, na manna, mutumin Nijar ya fassara, jama’a suka tafa. Haka muka ci gaba, ni in bayar, Baba ya amsa. Kunya ta tafi ta bar ni. Har muryar gulma na riƙa yi ina kama haɓa. Wata tsohuwa mai gilashi a layi na biyu ta fitar da biro tana rubutawa. Da muka zo wurin da telan ya ba da sarauniya, na dafa ƙirji na ce, “Hajiya ta faɗa rijiya da gangan.” Mutumin Nijar ya ce, “Inna lillahi,” kafin ya tuna aikinsa fassara ne. Na cire Hajiya daga allo na rungume ta. Taku uku bayan nan Baba bai ko jira ni ba. Ya ɗaga murya ya kashe wasan da kansa, Alhajin abokin gaba ya rasa wurin zama. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, ni kuma na toshe hanci na rangaɗa guɗar da tun barina Kano ban yi irinta ba. Na ga wani mai gashin baki ya zubar da kofinsa.

Sai da muka hau jirgin komawa murnar ta fara sauka. Baba ya yi barci a kekensa da furen da aka ba shi a cinya. ’Yar ta zauna kusa da ni. Can ta ce, “Ya manta. Na gani.”

Na so in yi gardama, amma ƙarya ba ta da wurin tsayawa. Na ce, “Ya manta.”

Ta ce, “Shekara guda ina gwada shi. In tambaye shi yau wace rana, in tambaye shi me ya ci, in jira in ga ko zai faɗi. Ban taɓa tunanin in ba shi bakin zaren ba.” Ta share ido, ta buɗe jaka. Na zaci takardar gidan tsofaffin za ta fitar, har na kawar da kai. Sai ga ɗan littafi da biro. Ta ce, “Ranar Lahadi ba kya zuwa, ni zan riƙa zuwa in ɗauko masa allon. Fara daga farko, a hankali. Wa ya fito neman fasinja?”

Kafin mu iso St. George ta cika shafi huɗu, tana faɗa ina gyara mata, muna dariya ƙasa-ƙasa kada mu tashe shi. An cire masa murhu an sa wanda yake kashe kansa, an ƙara mai kwana da shi, amma ba a sa hannu a takardar nan ba. Baba ya ƙara shekara ɗaya da rabi a gidansa, kuma a ɗakinsa ya cika, ’yarsa na riƙe da hannunsa.

Tun daga ranar na canza yadda nake aiki, na kuma canza yadda nake waya da mahaifiyata a gida. Na daina ce mata, “Inna, kin gane mai magana?” Yanzu cewa nake yi, “Inna, ni ce, ’yarki ta Amurka mai surutu,” sai ta ɗauka daga nan. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya tsaya a tsakiyar hanya, ba alƙali yake bukata ba. Wanda zai matso kusa ya faɗa masa kalmar farko yake bukata, sauran yana nan a cikinsa.