Anti Rabi, da ranar da na kwanta a filin jiragen Subang

Anti Rabi ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina suyar ƙosai maigidana Baban Ikram ya shigo kicin da waya a hannunsa, ya ce in sauke kaskon tukuna. Da asuba ta cika a asibiti. Hawan jini ne, in ji su.

Wata biyu ke nan ba na ɗaga wayarta, kuma ta tafi ba ta san dalili ba. Shi ya sa nake wannan rubutun, ba don na iya ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar jami'a ce daga Kano, ta zo nan ƙasar 'yan Malay yin PhD, tana zaune a unguwar Sentul. Ni matar ɗalibi ce kawai, ko sakandare ban gama ba. Ba ta taɓa nuna min hakan ba.

Ita ta koya min hawa jirgin ƙasan cikin gari, LRT, daga unguwar Wangsa Maju. Na tsaya ina kallon ƙofar tana buɗe kanta, ta ce, "Maman Ikram, ƙofa ce ba kura ba, shiga."

Ita ta kai ni kantunan Jalan TAR sayen yadi. Azumina na farko a ƙasar nan, kuka da daddawar da ke akwatinta ta raba biyu ta ba ni rabi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata Asabar ce da sojojin sama suka buɗe filinsu na Subang don mutane su yi kallo. Ta kira ni ta ce, "Kullum kina cikin bene kamar tattabara. Sa takalmi mai daɗi ki fito."

Da farko ƙananan jirage ne masu farfela. Suna hawa sama su juyo da ka, suna barin hayaƙi ja da shuɗi. Biyu suka nufi juna kamar za su gwabza, suka goce. Mutane na tafi, ni ma na tafa.

Sai jiragen yaƙi suka zo daga bayanmu, ƙasa-ƙasa.

Ban san lokacin da na faɗi ba. Na dai san na finciko wata 'yar Malay da ke kusa da ni, ita da lemarta da kofin shayinta mai ƙanƙara, ina ihu da Hausa, "Ku kwanta! Ku kwanta!"

Ba wanda ya kwanta. Wayoyi kawai suka juyo kaina.

Anti Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke 'yar ƙauye, wasa ne fa!"

Da ta ga fuskata sai ta daina dariyar. Ta ba matar haƙuri. Sannan ta kwanta kusa da ni a kan kwalta mai zafi, da sabon leshinta, ta ce, "To mu kwanta tare. Daga nan ma an fi ganinsu." Can ta ƙara da cewa, "In kin ji ƙarar, ya riga ya wuce ki."

Muka rabu a haka. Dariyar na riƙe, na bar sauran.

Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, a ƙauyenmu, shekarun da 'yan bindiga suka cika dajin, jirgin yaƙi kan zo. Kowa ya san dokar: ka ji ƙara ka kwanta, ka ja na kusa da kai. Yayata Hajara ba ta kwanta ba wata rana, ta ruga kwance akuyarta. Ba wanda ke kusa da ita da zai ja ta.

Ina Anti Rabi za ta san wannan? Ni ce ban faɗa ba.

Ta kira, ta sake kira. Ta bar min yaji a wurin maigadin benenmu. Saƙonta na ƙarshe cewa ta yi, "Ƙanwata, in laifi na yi ki faɗa min sunansa." Na karanta, na ce gobe.

Nan za a binne ta bayan la'asar. An rubuta a group ɗin mata ana neman mutum uku da za su taya wanka. Ban taɓa yi wa gawa wanka ba. Na ce a sa sunana.

Ina so ku zama shaida: ba na bin ta komai, na yafe dariyar duniya da lahira. Tawa yafiyar ce ban san wa zan tambaya ba.

Allah Ka jiƙan Rabi, Ka sanyaya makwancinta, Ka ba 'ya'yanta da ke Kano haƙuri. Duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura, ya roƙa min Allah Ya sa ta riga ta yafe min kafin ta cika.