Darar da ba mu ƙarasa ba a Mamudo

Ina da wani aboki Bakarkare, manomin wake a Mamudo, wanda ya girme ni nesa. Duk ranar kasuwa in ya sallami kayansa, sai ya biyo ta shagona na ɗinki a unguwar Hausari, mu zauna gindin darbejiya mu tona ramukan dara. Shi da tsakuwa, ni da tsinken kara.

Gardamarmu ɗaya ce, inda ya kamata mutum ya fara sakawa. Ni tsakiya nake kamawa, don ɗan da ka saka a nan yana da hanya ta ko'ina. Shi kuwa kullum gefe.

"Malam tela, tsakiya cunkoso ne," haka yake ce mini. "Ka shiga da wuri, a toshe ka. Na gefe shi ke da wurin juyawa."

"To wancan karon wa aka cinye?"

"Wannan rashin barci ne, ba laifin gefe ba."

Shekaru muna haka, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Wata kaka aka yi kasuwa biyu bai zo ba. Da na tambayi 'yan garinsu, suka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Na hau mashin na tafi.

Na same shi kan tabarma a zaure, ya rame, bakinsa ya karkace. Matarsa ta leƙo ta gaishe ni, ta ce, "Malam, don Allah ku ɗan taɓa wasan nan naku. Tun safe yake nuna ƙasa da hannu."

Na tona ramuka kusa da shi, na zuba masa tsakuwa a hannun hagu. Muka fara sakawa. Can sai na ga ya jera uku a layi ɗaya, abin da ko ɗan koyo ya san ba a yi kafin a gama sakawa. Ya ɗago yana dubana, yana jiran in saka nawa. Bai san ya yi kuskure ba.

Na saka tsinkena kamar ban gani ba. Kafin mu gama, tsakuwar ta zube daga hannunsa, barci ya ɗauke shi a zaune. Na gyara masa kwanciya, na fito waje na share idona.

Da damina ta faɗi ya rasu. Ranar an yi ruwa sosai, ban samu labari ba sai bayan la'asar. Ko da na isa, an riga an dawo daga maƙabarta.