Ramar Audu tana cikin ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun shekarar da aka canja hannun mota nake kishi da Audu Mai Rama, sai ga shi yau da safe ina shan koko aka ce ya rasu.

A wannan shekarar mahaifinsa ya karɓe ni koyon tufkar igiya a Zango. Rana ɗaya ni da Audu muka fara shiga kududdufi jiƙa rama. Na riga shi ganewa. Wannan ko shi bai taɓa musu ba.

Jiƙa rama ba a yinta da ƙirgen kwana. Da hanci ake yi. Akwai wani tsami da ruwan ke yi, in ka ji shi, a ranar za ka tsame. Ka riga shi, zare ya ƙi rabuwa da kara. Ka ƙara kwana ɗaya, ya ruɓe a hannunka.

Da Zulai ta zo, wata 'yar garin nan da ta karanto zanen tufafi, ƙofata ta fara sallama. Ku rubuta wannan. Ta ce yadin roba ya cika bola, ƙasa ba ta cinsa, ita tana son yadin da in ya tsufa zai koma taki. Za ta haɗa zaren rama da auduga, ta rina da baba da karan dafi.

Na ce mata, "Yarinya, rama igiyar jaki ce. Mutum zai sa ta?"

Ta wuce wurin Audu. Shi kuwa ya shimfiɗa mata tabarma.

Bayan 'yan shekaru aka nuna min bidiyo a waya. Mata a Legas suna taku cikin ramarmu, ja kamar garwashi, shuɗi har yana ƙyalli, ga zanen zaure a ƙirji. Turancin ban ji ba, amma sunan Audu na ji. Sau uku. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Ya aiko min da riga ta wannan yadin. Na ce ƙaiƙayi take yi. Ƙarya nake, ban ma gwada ba, tana ƙasan akwati.

Duk baƙon da ya je wurinsa sai ya ce, "Ku je wajen Tanko, ya fi ni hanci." Ni kuma in sun zo in ce ba na nan. Lokacin da ƙafata ta kwantar da ni, shi ya kwashe igiyoyina ya kai kasuwa mako bayan mako, ya bar nasa aikin.

Ranar Juma'ar nan muka haɗu kusa da rijiyar Kusugu bayan an sauko masallaci. Ya riƙe min hannu ya ce, "Tanko, na zuba ramar bana a ruwa, ga mura ta toshe min hanci. Ka zo ka shinshina min."

Na ce, "Kira 'yan Legas su shinshina maka."

Ya yi dariya har da tari. "Za ka zo ai, mai taurin kai."

Ban je ba.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta Zulai ta durƙusa gabana. Ta ce, "Baba, a littafina kwana goma ake tsame ramar, saura uku." Na ce ruwan bana da ɗumi, ba zai kai ba. Noman shekara guda ne a cikin ruwan nan, matan da ke kaɗi da masaƙan Zango duk shi suke jira. Cikinsu babu mai hancin.

Na san in yadin ya fito sunan Audu za a sake kira. Har yanzu abin yana min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Ko tafiyar ma shi ya riga ni.

Allah ya jiƙan Audu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe min abin da na riƙe shi da shi. Duk wanda ya ga wannan, don Allah ya yi masa Fatiha, ya kira sunansa. Na yarda a kira.

Gobe bayan asuba zan ciro rigar nan daga akwati in sa, in hau mashin zuwa Zango. A bakin ruwa zan tuɓe ta in rataye, in shiga in shinshina masa ramarsa.