Dokas Alfred da Mujallar da Ba Mai Karantawa

Da ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da Malama Dokas Alfred a ɗan ɗakin da ke bayan sashen yara na asibiti, tana murɗa injin buga takarda da hannu, yatsunta baƙi ƙirin da tawada. Shekara bakwai ke nan haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki domin idanunta sun soma gazawa, ban kuwa ji ana shirin yi mata ko taron ban kwana ba.

Ma'aikaciyar jinya ce, ba marubuciya ba. Tun zamanin Turawa asibiti na da mujallar lafiya, da Turanci zalla, ana rabawa a bakin ƙofa. Shekarar da ƙyanda ta cika gari, wata Fanta daga Kagarawal ta zo da 'yarta a goye. Da aka kwance zane, sai aka ga tun a hanya rai ya yi halinsa. Ashe kwana shida yarinyar na kulle a ɗaki da ƙyandar, ba a kawo ta asibiti ba.

Dokas ta ce, "Baiwar Allah, ba a ba ki takardarmu ba? A ciki mun ce a kawo yaro da wuri."

Fanta ta ce, "An ba ni, Sista. Da ita nake rufe ƙwaryar fura. Wa zai karanta mini?"

Bappayo direban asibiti yana wurin. Ya ce Dokas ta rufe yarinyar, ta nufi ofishin babban likita ta roƙi a bar mata mujallar. Aka ce ta je ta yi, amma kada ta sa ran ƙarin mutum.

Ta rage rubutu, ta mayar da shi Hausa. Ta je Barunde ta durƙusa gaban Malam Aƙilu ya juya mata da ajami. Shafin ƙarshe ta raba wa Fulatanci da harsunan Tangale da Waja, su ma'aikatan shara da masu wanki na gyara mata kalma. Da ta zana uwa ba ɗankwali, magidantan unguwar Manawashi suka hana takardar shiga gida. Da ta sa mata mayafi, matan cocinsu suka ce ai wannan ba tasu ba ce. Ta yaga, ta zana mata biyu a bakin rijiya ɗaya, kowacce da shigarta, kowacce da ɗa a hannu.

Ba zan ce mutuwa ta tsaya ba. Bara ma mun binne yara da yawa. Amma Jamilatu ungozoma ta shaida mini yanzu uwa kan shigo da shafin mujallar a hannu, tana nuna hoto, tana cewa, "Irin wannan ƙurjin ne a jikinsa."

Ke ce, Dokas, mai tawada a yatsu, kika zauna a tabarmar kowa ba ki tambayi inda yake salla ba. Mun gode, Allah ya saka miki.

Na ji an ce tunda kuɗin man fetur ya zo, daga baɗi a Legas za a riƙa bugo mujallar, mai sheƙi, da Turanci. Ku matasan asibiti, injin yana nan, bai lalace ba. Kafin Dokas ta ajiye aiki ranar Juma'ar ƙarshen wata, wani ya shiga ɗakin nan ta nuna masa yadda ake murɗawa.