Tabarau na Mal-sun

Maeng Bok-rye busasshen kifi take sayarwa a kasuwar bakin teku ta Mokpo, a Koriya ta Kudu. Ba ta taɓa taka makaranta ba. Ita ce babba a gidansu, goyon ƙanne ta yi don 'yan'uwanta maza su samu su yi karatu. A ikilisiyarsu kuwa ita ce shugabar ƙungiyar mata da ke taruwa a gidaje ran Juma'a, kuma idan ta fara addu'a har mazan da ke wucewa sukan rage tafiya. Zabura da waƙoƙi duk a ka ta riƙe su. In karatu ya zo kanta, sai ta laluba jaka ta ce ta manta tabarau, ƙawarta Tak Mal-sun ta karɓi Littafi Mai Tsarki ta karanta. Ita ce ta kawo Mal-sun coci tun suna da ƙuruciya, kuma Mal-sun kaɗai ta san gaskiya.

Sai aka turo musu sabon mataimakin fasto, Fasto Pyo, matashi mai himma. Ya lura manya suna cewa amin ba su san abin da aka faɗa ba, ya buɗe ajin nazari na manya bayan sujadar Lahadi. Ya kuma kafa doka cewa wanda bai kammala ajin ba ba zai shugabanci ƙungiya ba. A ajin kowa yakan karanta aya idan layi ya zo kansa.

Da layi ya zo kan Bok-rye, ta laluba jaka kamar yadda ta saba. Mal-sun ta daɗe tana zama mataimakiyarta a ƙungiyar, ta gaji da zaman. Ta zare nata tabarau ta miƙa.

"Yaya, ga nawa. Ai idonmu ɗaya."

Bok-rye ta dube ta, ta sa tabaran, ta riƙe Littafin da hannu biyu. Ta ji an ambaci Zabura, sai ta kama wadda ta fi sani tana jerowa, yatsanta na bin layi. Ba a katse ta ba har ta kai ƙarshe. Sannan wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce ba nan aka buɗe ba. Wata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Fasto Pyo bai yi dariya ba. Ran Lahadin da ta biyo ya tsaya a mumbari, cike da tausayi, ya ba da labarin wata uwa da ta shekara da shekaru tana rungume da Littafin da ba ta iya karantawa. Bai faɗi suna ba, amma kawuna suka juya. Ya sa ta a ajin yara don ta koyi haruffa, aka miƙa wa Mal-sun ƙungiyar Juma'a.

Bok-rye ba ta yi fushi ta tafi ba. Ta riƙa zama a ƙaramar kujera, gwiwa na ciwo, tana haɗa baƙi da wasali. A kasuwa ma takan gwada karanta rubutun kwalaye. Mal-sun in ta zo sayen kifi sai ta ɗaga murya.

"Ɗalibarmu, yau an ba ki alewa a aji?"

Ƙarshen shekara fastocin yankin suka zo ganin shirin. Aka sa wa Bok-rye kayanta na biki, aka tsayar da ita a gaba, ta karanta aya guda tana tuntuɓe, gumi na bin wuyanta. Aka tafa sosai, aka ɗauki hoto. Ba a jima ba wata babbar ikilisiya a Seoul ta kira Fasto Pyo ya je ya kafa musu irin shirin. Wanda ya gaje shi bai ga dalilin tsohuwa ta zauna cikin yara ba, ya ce ta koma madafa ta taimaka da miyar Lahadi. Karatunta ya tsaya a nan, ƙungiyar kuma ba a maido mata ba.

Da gwiwar ta hana ta kasuwa, ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa birnin Incheon. Matan ƙungiyar ba su raka ta tasha ba, ranar suna da jarrabawar ajin nazari. A cocin unguwar ɗan, wata budurwa ta tare ta a ƙofa da fara'a, ta ce akwai aji na musamman don sababbin zuwa.

"'Yata, ni rakiya na yi," in ji Bok-rye.

Ta zauna a benci a waje har aka tashi. Daga baya ko rakiyar ma ta daina. Ran Lahadi in ɗan da iyalinsa sun fita coci, sai ta zauna a baranda tana tsintar wake.